Alamar Da Ke Jikin Bango

SHAFI NA 17

Masu cika min akwatin saƙo tun safe da "Auta ta ci ko ba ta ci ba?", ku yi haƙuri, ni ma sai da na huce kafin na iya rubuta wannan shafin. Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muka kwana. Auta ma'aikaciyar cikin jirgin sama ce a wani ƙaramin kamfani, shekara huɗu tana tura keken shayi a albashin da ba ya ganin ƙarshen wata. Babban kamfani ya buɗe ɗaukar ma'aikata, albashinsu ya ninka nata uku. Ta nemi hutun kwana ɗaya aka hana ta, sai ta kira wajen aiki ta ce zazzaɓi ya kwantar da ita, ta saka kwat ta tafi intabiyu. A kamfaninsu kuwa ƙaryar ciwo kora ce, ba gargaɗi, ba ban haƙuri.

*

Ƙarfe uku na rana ta hawo benen, takalmanta a hannu ɗaya, baƙar leda a ɗayan. Hawa uku ne zuwa gidansu, kuma saboda wannan hawan take neman aikin tun farko, don gwiwoyin Umma sun gaji da shi, ta yi wa kanta alkawarin sai ta kama mata gida a ƙasa.

Tun daga hawa na biyu ta jiyo ƙamshin kaza. Ranta ya ƙara ɓaci.

Umma ce ta buɗe ƙofa, bakin nan har kunne.

"Ga 'yar babban jirgi! Shigo, shigo. Yaushe za ki fara?"

Auta ta raɓa ta gefenta ta wuce, ko kallon kicin ba ta yi ba.

"Ina Yaya?"

"Tana ɗaki tana ɗinki. Ke, ba magana nake miki ba? Me suka ce?"

"Yaya! Yaya, fito!"

Ƙarar keken ɗinki ta tsaya. Yaya ta fito da tef rataye a wuya, allura biyu soke a gaban rigarta. Ita ce babbar 'ya a gidan, tela ce, kuma ba ta ɗaukar raini ko daga kwastoma balle daga ƙanwa.

"Lafiya kike kwaɗa min kira kamar na ci miki abinci?"

"Zo ki ga aikinki."

Auta ta nufi siririn lungun da ke tsakanin falo da ɗakuna. A jikin bangon, can sama, akwai ɗan layi na jan alli irin na teloli. A ƙarƙashinsa fentin duk ya yi dauɗa da shatin yatsu.

Bari in tuna muku labarin layin nan. Babban kamfani ba ya tambayar sunanki ma sai kin wuce gwajin farko. Za ki cire takalmi, ki yi ɗage, ki miƙa hannu ɗaya ki taɓo alama a bango, santimita ɗari biyu da sha biyu daga ƙasa. Dalilinsu shi ne kayan ceton rai a akwatunan sama suke, wadda hannunta bai kai ba ba ta da amfani ranar tashin hankali. Auta ba doguwa ba ce. Shi ya sa wata guda da ya wuce ta sa Yaya ta auna mata ta zana layin, kullum safe da yamma tana miƙewa a jikin bangon kamar ƙadangare. Makon farko ba ta kai ba. Mako na uku ta taɓa shi, har ihu ta yi a ranar.

"To, ga layi," in ji Yaya. "Me ya yi?"

"Me ya yi? Yaya, mu ɗari uku ne a wajen nan. Ɗari uku! Tun bakwai na safe nake tsaye. Aka karɓe wayoyinmu a ƙofa, aka jera mu kamar masu karɓar allura. Da aka zo kaina na cire takalmi ina murmushi, don na san wannan kam na gama da shi a gida. Na yi ɗage, na miƙa hannu."

"Sai me?"

"Sai iska na kama!"

Umma da ta biyo su da ludayi a hannu ta ce, "Innalillahi."

"Matar ta ce in sake. Na sake, har ƙashin bayana ya yi ƙara. Ta kawo hannunta ta gwada tsakanin yatsana da alamar, yatsa uku ya rage. Ta ce, 'Mun gode da zuwa, sai bayan wata shida.' Shi ke nan. Turancin da na kwana biyu ina haddacewa ko kalma ɗaya ba a ji ba. Gashin da na ɓata awa guda ina gyarawa ko kallonsa ba a yi ba."

Yaya ta ce a hankali, "Wataƙila nasu bangon ne ba daidai ba."

"Haka ni ma na ce wa kaina. Shi ya sa na biya shagon kayan gini."

Ta zazzage ledar. Tef ne na ƙarfe irin na kafintoci, sabo dal, ko takardar jikinsa ba a cire ba.

"Riƙe min ƙasan."

"Ke, ni za ki gwada wa awo? Shekara goma sha ɗaya ina..."

"Yaya, don Allah riƙe min."

Yaya ta ja tsaki ta durƙusa ta danne bakin tef ɗin a ƙasa. Auta ta jawo kujerar roba ta hau, ta ja tef har kan jan layin. Ta daɗe tana kallon lambar.

"Nawa?" in ji Yaya.

"Ɗari biyu da shida."

"Ƙarya ne."

"Hau ki gani."

Yaya ta hau ta gani. Ta sauko ta sake hawa. Ɗari biyu da shida, bai ƙaru ba bai ragu ba.

Nan fa Auta ta fashe.

"Santimita shida, Yaya! Na ce miki mu ari tef na ƙarfe, kika ce naki ya isa. Wannan tsumman da ke wuyanki, tun ina makaranta nake ganinsa. Lambobin ma sun goge!"

"Kar ki zagi tef ɗina."

"Shi ya kashe min aiki!"

"Tef ɗin nan da shi na ɗinka miki kwat ɗin da ke jikinki. Ya matse ki? Ya yi miki yawa? Ki tsaya ki ba ni amsa, ya yi miki yawa?"

"Kwat daban, bango daban!"

"Awo ɗaya ne, malama! Sau biyu na auna, kina tsaye a nan kina riƙe min. Ɗari da hamsin, na sa ɗigo, na ƙara sittin da biyu. Ko lissafin ma kin fi ni ne?"

"To aljanu ne suka sauko da shi?"

Umma ta yi gyaran murya. "Ku bar faɗan nan haka. Ku zo ku ci abinci, kazar za ta huce."

Ba wadda ta kula ta. Yaya ta zare tef ɗinta daga wuya a fusace ta shimfiɗa shi a ƙasa, ta jera na ƙarfen a gefensa.

"Zo ki duba da idonki. Goma, goma. Hamsin, hamsin. Ɗari, ɗari. Ina bambancin?"

Auta ta durƙusa ta duba. Babu bambanci ko na zare ɗaya. Amma fushin bai sauka ba, neman inda zai faɗa kawai yake.

Yaya kuwa ba a taɓa mata sana'a ta haƙura. Ta sake hawa kujerar, ta kunna fitilar wayarta ta haska bangon, ta kawo fuskarta dab da fentin kamar mai neman ɓatacciyar allura.

"Auta."

"Me?"

"Wannan layin ba nawa ba ne."

"Kamar yaya ba naki ba?"

"Ni da rula na ja nawa. Wannan a karkace yake, da hannu aka ja shi. Kuma zo ki ga sama."

Auta ta hau gefen kujerar, suka matsu su biyu. A saman jan layin akwai wuraren da fentin ya yi haske, an goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗaya, biyu, uku, kowanne a saman ɗan'uwansa kamar matakala. A na can sama har da ɗan ragowar ja a cikin tsagar fenti.

Yaya ta ɗora tef a kansa. "Ɗari biyu da sha biyu cif. Ga nawa nan. Wani ya goge ya sauko da shi, kuma ba sau ɗaya ba."

Mutum uku ne a gidan nan, jama'a. Biyu suna kan kujera.

Suka juyo a tare.

Umma ta riga ta fara ja da baya, tana goge ludayin da gefen zaninta, ludayin da ba abin da ya same shi.

"Bari in duba tukunya..."

"Umma," in ji Yaya. "Ina jan allina da na yi sati biyu ina nema?"

"Ni na san inda kike zubar da kayanki?"

"Umma."

"Ku daina kallona haka, ni na haife ku."

Yaya ta sauko, Auta ma ta sauko daga kujerar a hankali. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Umma, don girman Allah ki ce min ba ke ba ce."

Umma ta kalli sama, ta kalli ƙasa, ta kalli ƙofar kicin. Sannan ta ajiye ludayin a kan kujera, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta koma faɗa, abin da ta saba in an kama ta.

"To ni ce! Sai me? Za ku dake ni ne?"

Yaya ta dafe kai ta zauna a kan kujerar, ludayin ya faɗi ƙasa.

"Ina zaune ina kallon 'yata kullum tana maƙale a bango," in ji Umma, "ta dawo daga aiki ƙafa a kumbure, ko ruwa ba za ta sha ba sai bango. Ranar nan na leƙo na ga tana share hawaye. Zuciyar dutse gare ni? Da kuka fita da safe na hau kujera, da wannan gwiwar tawa, na sauko da shi ɗan kaɗan. Ɗan kaɗan fa!"

"Sau nawa?" in ji Auta.

"Na farkon bai isa ba."

"Sau nawa, Umma?"

"Uku. Kuma ba ki ga yadda kika yi murna ba ranar da kika taɓa? Har rungume ni kika yi. Abinci kwano biyu kika ci a ranar."

"Umma, ranar da na taɓa na daina motsa jikin! Kwana goma ban sake miƙewa ba, na ce na gama! Da na san saura shida da na ci gaba. Ko da ban je ba gaba ɗaya, na jira wani zagayen!"

"Ni ina na san da gaske aunawa za su yi? Na ɗauka in sun ga fuskarki da natsuwarki shi ke nan. Wane irin mutane ne za su bar yarinya mai hankali saboda yatsa uku? Jirgin a hannu za ki ɗauke shi?"

"Doka ce, Umma!"

"To dokar banza ce. Su sa kujera a jirgin mana, wadda ba ta kai ba ta taka. Ni ba da kujera na kai ba?"

Wallahi ina rubutawa raina yana ɓaci. Don abin haushin, ba za ka iya zaginta ba, ba za ka iya yi mata shiru ba. Da mugunta ce da da sauƙi, ka san inda za ka ajiye ta. Amma tausayi ne tsagwaronsa, kuma har yanzu ba ta ga laifinta ba.

Auta ta jingina da bangon ta sulale ƙasa, kwat ɗin da aka goge tun jiya ya tattare. Ba kuka take ba, dariya ce ke fita mara daɗi.

"Wata guda ina gaisawa da bango. Ashe ni da Umma muke gwajin, ina hawa tana saukowa."

"Da kin ƙara wa Umma sati biyu da a zaune za ki taɓa shi," in ji Yaya.

"Ke kuma rufe min baki," in ji Umma. "Da kin ja shi ƙasa tun farko da duk ba a yi haka ba."

"Au, laifina ne kuma?"

"Ke ce babba."

Yaya ta ƙyale ta. Ta juya wajen Auta. "Ni dai ki fara ba tef ɗina haƙuri."

"Yi haƙuri, Yaya."

"Ba ni ba, tef ɗin."

"Yaya, don Allah ki bar ni da abin da ke damuna."

Umma ta matso tana ɗingishi, ta dafa kan Auta, muryarta ta yi laushi.

"Haba 'yar autata. Wata shida kamar gobe ne. Wannan karon ko kusa da bangon ba zan je ba, na rantse. Tashi ki ci abinci."

Auta ta sauke dogon numfashi. Ta goge fuska da tafin hannu.

"Shi ke nan. Ya riga ya faru. Allah ya sa ma ina da aikina a hannu. Gobe in tashi in koma ƙaramin jirgina, in yi ɗan tari a gaban Madam Agogo, in ce jiki ya yi sauƙi."

Madam Agogo ita ce shugabar ma'aikatan cikin jirgi a kamfaninsu. Sun sa mata sunan ne don ba ta gaisawa da mutum sai ta fara duba agogon hannunta. Ita ta hana Auta hutu, kuma ita ce wadda Auta ta kira da asuba tana maƙale murya.

"Tari kuma?" in ji Umma. "Tarin me?"

Auta da Yaya suka kalli juna. Sun ɓoye wa Umma zancen zazzaɓin, don sun san ta, ba ta yarda da ƙaryar ciwo, cewa take mai kiran ciwo shi ciwo ke amsa wa.

"Ba komai, Umma."

"Madam Agogo," Umma ta maimaita tana tunani. "Ba ita ce mai muryar nan kamar ta mai karanta labarai ba?"

Auta ta ɗago kai a hankali.

"A ina kika ji muryarta?"

"Ai ta kira ɗazu."

"Ta kira wa?"

"Ni mana. Wajen sha ɗaya. Ta ce ta yi ta neman wayarki a kashe, shi ne ta duba takardunki ta ga lambata. Mutuniyar kirki wallahi, ta gaishe ni da ladabi, har da tambayar gwiwa da na ce mata tana damuna."

Yaya ta miƙe tsaye. "Umma, me ta ce?"

"Cewa ta yi wai ya jikin Auta, ko an kai ta asibiti. Na ce wane jiki? A'uzubillahi, wa yake yi wa 'yata fatan ciwo? Lafiyarta ƙalau, ta yi kwalliya tun asuba ta fita."

"Shi ke nan abin da kika ce?" in ji Auta. "Umma, ki ce min a nan kika tsaya."

"To ta tambaye ni ina kika je, in yi mata ƙarya? Babba da ni? Na ce kin tafi intabiyu a babban kamfani, masu manyan jirage, albashi ninki uku. Na ce ta taya mu addu'a. Na kuma yi mata godiya a kan riƙon da ta yi miki shekara huɗu, na ce in kin ɓata mata a zaman tare ta yafe, tunda rabuwa ta zo."

"Na shiga uku," in ji Auta. "Na shiga uku, Yaya."

"Wai mene ne? Ba ku ce min sirri ba ne! Kun ce kar in gaya wa maƙwabta, kuma mutum biyu kawai na gaya wa. Ita maƙwabciya ce?"

"Umma, ce mata na yi ba ni da lafiya! Da haka na samu na fita! Korata za su yi!"

Umma ta yi sororo. Ta kalli Yaya ko za ta ce wasa ne, Yaya ta kawar da kai.

"Amma... ai ba ta yi fushi ba," ta ce a sanyaye. "Dariya ma ta yi. Ta ce abin farin ciki ne wannan, ba a waya ake yin sa ba, da kanta za ta zo ta taya ki murna in ta tashi aiki. Shi ya sa na ƙara kaza ɗaya."

"Kika ba ta kwatance?"

"Har launin ƙofa."

Auta ta zabura ta miƙe. "Ƙarfe nawa yanzu?"

Yaya ta duba waya. "Huɗu saura biyar."

"Uku da rabi take tashi. Yaya, bargo! Kawo min bargo, cire min kwat ɗin nan, ina man zafi..."

"Bargon me kuma, bayan an riga an gaya mata komai?"

"Zan ce Umma ce ta ruɗe! Zan ce tsufa ne!"

"Ni ce na ruɗe?" in ji Umma. "A gabana?"

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ƙarar takalmi mai tsini ce a kan matakala, a natse, ba gaggawa. Ta wuce hawa na biyu. Auta ta san takun nan ko a mafarki, shekara huɗu tana jin sa yana nufo ta a tsakiyar jirgi.

Hannu ɗaya ta samu ta zare daga kwat ɗin aka ƙwanƙwasa.

Ba wadda ta motsa. Aka sake ƙwanƙwasawa, sau biyu.

Umma ce ta ja ƙafa ta je ta buɗe, don a duniyarta ba a barin baƙo a tsaye.

Madam Agogo tana bakin ƙofa cikin yunifom, ko gashi ɗaya bai kauce ba. Ta duba agogonta, sannan ta gaida Umma har da ɗan rusunawa. Ta ɗaga ido ta hango Auta a lungu, ba takalmi, rabin kwat a jiki, jan-baki raɗau, takardar lambar intabiyu har yanzu manne a ƙirjinta.

"Lamba ɗari da tamanin da huɗu," ta karanta a hankali. "Sannu da jiki."

"Madam, don Allah ki tsaya in yi miki baya..."

"Sun ɗauke ki?"

Auta ta girgiza kai. "A'a."

"Ayya."

Ta buɗe jakarta ta zaro farar ambulan mai tambarin kamfani, ta miƙo da hannun hagu. Na daman kuma ta buɗe tafinsa ta tara.

"Karɓi wannan. Ki miƙo min katin shiga filin jirgi."